Yadda babba mai larurar otizim zai faɗaɗa cimarsa

Otizim larura ce da ke shafar mu'amala da mutane da yadda mutum ke jin abubuwa a jikinsa. Yawanci ba ɗanɗano ne ke hana mai ita cin abinci ba, yanayinsa a baki ne: yauƙi, danƙo, gudaji, ko ƙamshi mai ƙarfi. Don haka a rubuta duk abin da mutum ke ci na tsawon kwana bakwai, a duba me ya haɗa su. Masu garas-garas ne ko masu laushi?

Daga nan sai a canza abu ɗaya tak. Mai cin soyayyen dankali, a gwada masa gasasshe mai yanka iri ɗaya, daga baya karas gasasshe. Loma ɗaya ta isa, a faranti daban. Sau da yawa sai an maimaita fiye da sau goma. Kada a ɓoye sabon abu cikin abincin da ya amince da shi. In ya gano, har wancan ɗin zai iya bari.

Wasu ba sa jin yunwa sai jiri ya kama su. A saita ƙararrawar waya duk bayan awa huɗu, a haɗa da shan ruwa.

Idan cimar ta ƙuntata sosai, likita ya gwada jini don duba ayon (sinadarin ƙarfe), bitamin B12 da D. Maganin risperidone, da ake ba wasu masu otizim, na ƙara cin abinci da ƙiba, a riƙa awon nauyi duk wata. Daina cin alkama kuwa, da wasu ke cewa yana taimakawa, ba ya maganin otizim, sai dai ya rage ɗan abin da ake iya ci.