Kafin ka sayi tsohuwar Crown Victoria ta 'yan sandan Amurka

Jama'a masu sha'awar gyaran irin motar nan, kar ku tsaya kallon kilomita kawai wallahi zai yaudare ku. Motar sintiri wuni take a tsaye inji na aiki, shi yasa daga ƙirar 2006 Ford ta sa mata mita mai ƙirga awannin, kuma a lissafinsu awa ɗaya daidai take da tafiyar mil 33, to ka lissafa da kanka. Sannan ka cire silin ɗin ciki ka leƙa rufin, ramukan da aka ɗaure fitilar sama ta nan ruwa ke shiga tsatsa ta cinye ƙarfen, wasu dillalan foti kawai suke shafewa su fesa fenti. Jiniya kuwa barta sai wajen baje koli, kar ka hau titi da ita.