Yadda Mai Son Ƙwallo Zai Karɓi Labarin Zargin Fyaɗe A Kan Ɗan Wasa

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ko majalisar bayan Isha'i ya san abin da ke biyo baya idan aka ce 'yan sanda sun kama wani fitaccen ɗan wasan Turai bisa zargin fyaɗe. Kafin mai shayi ya sauke buta jama'a sun rabu gida biyu: magoya bayan ƙungiyarsa suna rantsuwa cewa sharri ne, kuɗinsa ake so, 'yan hamayya kuma sun samu abin tsokana har ƙarshen kaka. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga takardar tuhuma. Ga yadda mutum zai bi irin wannan labari ba tare da ya zalunci kowa da bakinsa ko da wayarsa ba.

Abu na farko shi ne ka gano matakin da maganar ta kai, domin zargi daban, kamawa daban, tuhuma a gaban kotu daban, hukunci kuma daban, ko da yake a hirar majalisa duk sunansu "an kama shi". A Ingila, 'yan sanda suna iya kama mutum su yi masa tambayoyi su sake shi, sai masu gabatar da ƙara sun gamsu cewa akwai hujjar da za ta iya tsayuwa a kotu sannan a tuhume shi. Dubi bambancin da ke tsakanin Mason Greenwood, wanda a lokacin yake Manchester United, da Benjamin Mendy, waɗanda mutane da yawa ke jerawa a matsayin waɗanda "aka wanke". An kama Greenwood a Janairun 2022, aka tuhume shi a Oktoba, sannan a Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suna cewa muhimman shaidu sun janye kuma wasu sabbin bayanai sun fito. Ba a taɓa sauraron shaidu a gaban alƙali ba, saboda haka kotu ba ta same shi da laifi ba, kuma ba ta auna hujjojin ba. Shi kuwa Mendy na Manchester City an yi shari'arsa har sau biyu a kotun Chester, aka wanke shi daga mafi yawan tuhume-tuhumen a Janairun 2023, aka wanke shi daga ragowar biyun a Yulin shekarar. Idan za ka ba da labarinsu, ka faɗi kowanne yadda ya kasance.

A nan akwai wurin da masu ilimi ma kan zame. Idan kotu ta wanke mutum, ma'anarsa ita ce masu ƙara ba su tabbatar da laifin ba har ta yadda babu sauran shakka, kuma a idon doka ba shi da laifi, wajibi ne ka daina kiransa mai fyaɗe. Amma wannan hukunci bai ce matar da ta kai ƙara maƙaryaciya ba ce, domin wannan wata tuhuma ce ta daban da ke buƙatar tata hujjar. Laifin da akan ce an aikata a ɗaki tsakanin mutum biyu yana da wuyar tabbatarwa, kuma sau da yawa duk gardamar tana kan amincewa ne, ko matar ta yarda ko ba ta yarda ba.

Na biyu, ka bar wa bakinka ƙofar fita ko da an yanke hukunci, saboda akwai ɗaukaka ƙara. A Fabrairun 2024 wata kotu a Barcelona ta yanke wa ɗan wasan Brazil Dani Alves ɗaurin shekara 4 da rabi, bayan ya shafe fiye da shekara guda a tsare, amma a Maris na 2025 babbar kotun yankin Kataloniya ta soke hukuncin. Robinho kuwa, shi ma ɗan wasan Brazil, nasa ya tafi ta ɗaya hanyar: kotun Italiya ta yanke masa shekara 9 a 2017 kan abin da ya faru a Milan a 2013, ya yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2022, kuma a Maris na 2024 aka kai shi gidan yari a Brazil. Waɗanda suka shafe shekaru suna cewa ƙulli aka yi masa, yanzu sai dai su canza hira.

Na uku, kuma wannan ne ya fi kusa da yatsanka: kada ka tura sunan matar ko hotonta, kada kuma ka bar wani ya yi hakan a zauren WhatsApp da kake shugabanta. Dokar Ingila ta 1992 ta ba wa mai ƙorafin fyaɗe kariyar ɓoye suna har ƙarshen rayuwarta. Lokacin da aka samu Ched Evans na Sheffield United da laifi a 2012, wasu sun yaɗa sunan matar a Twitter da Facebook, kuma kotu ta umarci mutum 9 daga cikinsu kowa ya biya ta diyyar fam 624. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da abin da ya same ta, domin sai da ta sauya suna da wurin zama. Daga baya an soke hukuncin Evans, aka sake shari'a aka wanke shi a Oktoban 2016, amma hakan bai mayar da abin da masu yaɗa sunan suka yi daidai ba. Wataƙila dokar Ingila ba za ta riske ka a Kano ko Maraɗi ba, sai dai hoton da ake yawo da shi yana iya zama na wata baiwar Allah ce da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma mu da muka taso ana ja mana kunne kan ƙazafi mun san bai taƙaita ga maza ba.

Kada ka ɗauki matakin ƙungiya a matsayin hukunci. Ƙungiyoyi kamfanoni ne, suna duba masu tallafi da surutun jama'a. Manchester City ta daina biyan Mendy albashi tun 2021, sannan a Nuwamban 2024 kotun ma'aikata ta ce yana da haƙƙin karɓar mafi yawan kuɗin. Manchester United ta rabu da Greenwood bayan nata binciken, ƙungiyar Getafe ta Sifaniya ta karɓe shi, daga baya kuma Marseille ta Faransa.

Kafin ka rubuta komai, gwada kanka da tambaya guda: da ɗan wasan yana sanye da rigar ƙungiyar da ka tsana, shin haka za ka faɗa? Wannan gwaji ya fi ciwo idan wanda ake zargi namu ne, ɗan Afirka. Da aka tuhumi Thomas Partey na Ghana a Landan a Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar kwantiraginsa da Arsenal, nan take wasu suka ce wariyar launin fata ce, wasu kuma suka yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Wariya gaskiya ce a Turai, amma ambatonta ba ya amsa tambayar abin da ya faru a ɗakin. Idan dole sai ka yi magana a irin wannan mataki, ka tsaya a kan abin da ya tabbata: an tuhume shi, ya musanta, maganar tana hannun kotu. Ka kuma rage barkwanci, domin a zauren da ke da mutum 200, kana iya yin raha da fyaɗe alhali wanda aka yi wa ƙanwarsa ko 'yarsa yana karantawa ya yi shiru.