Kurakuran da muke yi wajen zaɓen kartar gwanintar hannu da rufa ido

Kusan wata uku na yi a nan Garwa ina ganin laifin yatsuna, in na so baje karta ta buɗe kamar maficin hannu sai ta fito dunƙule-dunƙule, biyar nan bakwai can, ashe kartar da na saya ce matsalar. Shi ya sa na ce bari in rubuta wa ƙannena masu koyo, kuma don Allah maganar gwaninta nake, ba caca ba.

Kuskuren da kusan kowa ke farawa da shi, ka shiga shagon unguwa ka ce a ba ka karta, sai a miƙo maka ta belot. Ta belot ganye 32 ce kawai, daga 7 zuwa as, ga R da D da V na Faransanci a jiki. A majalisa ba ta da laifi, amma galibin dabarun da za ka gani a YouTube an gina su ne a kan 52. Misali in ka raba karta biyu daidai ka saƙa su ɗaya bayan ɗaya, wanda ake kira faro, na sama yana zama a sama, sau 8 za ka yi ta koma yadda take tun farko, to wannan lissafin na 52 ne. Whot da ake shigowa da ita daga Najeriya ma ajiye ta gefe, wasanta daban.

Sai ta roba. Mutane na sonta saboda ana wankewa kuma ba ta yagewa, gaskiya ne, amma a hannu ko ta zame ta watse ƙasa ko ta manne da 'yar'uwarta, ba ta bajewa daidai. Ta takarda za ka nema, irin su Bicycle da kamfanin Amurka ke yi tun 1885, ko Tally-Ho. Ɗaga ganye ɗaya ka kalle shi a hasken rana, za ka ga ƙananan ramuka-ramuka kamar saƙar yadi, su ne ke riƙe iska tsakanin ganyaye har su riƙa sulɓi. In ka ga fuskar sumul tana ƙyalli kamar madubi, mayar masa abinsa, jabu sun yi yawa.

Girma ma akwai magana, akwai ta poka akwai ta birij, sunayen wasannin karta ne aka laƙaba musu. Ta poka faɗinta wajen milimita 63, ta birij kuwa 57, tsawonsu ɗaya. Yara kan ce hannunsu ƙarami ne sai su ruga ga siririyar, ni dai shawarata ka daure da ta poka, hannu yana sabawa.

Wanda ya fi ba ni haushi, mai rufa ido ya sayi karta marar farin baki a bayanta, irin Bee, don ta yi kyau. Ranar da ka kifa ganye ɗaya a tsakiya kana son ɓoye shi, farin layi zai bayyana a gefe, yaron da ke zaune gabanka ma sai ya gano ka. Mai farin baki kewaye ita ke rufa maka asiri.

To ga yanayinmu kuma. Zafin Maris da Afrilu a Garwa ko Marwa yakan haura digiri 40, gumin hannu da man soyayyen kifi su shiga gefen karta ta yi baƙi ta kumbura, damina ta zo ta sa ta manne, hunturu ya busar da ita ta lanƙwashe. Wanke hannu ka shanya kafin ka taɓa, kar ka bar ta a aljihun wando ko ƙarƙashin sirdin babur, da ka gama mayar da ita kwalinta, in ta lanƙwashe ka danne ta da littafi mai nauyi ta kwana. Ni yanzu biyu nake ajiyewa, tsohuwa ta atisaye wadda ba na jin komai in ta faɗi a tabarma, sabuwar kuma sai ranar da zan nuna wa mutane nake buɗe ta.