Kafin ka sa fartanya a bayan gidan haya a Ingila

Mutanenmu da suka daɗe a Manchester da Bradford da kudancin Landan sun iya rayuwar nan, ba a magana. Za ka shiga bayan gidan wata Hajiya a watan Yuli ka tarar da alayyahu ya yi kore shar, albasa da tumatir a jere. Amma duk shekara sai an sami sabon zuwa da ya karɓi makulli yau, gobe ya sayo shebur ya tone ciyawar bayan gida kamar gonar gadonsa. Sai ranar tashi ya zo yana kukan an cinye masa kuɗin ajiya, wato kuɗin da mai haya ke ba mai gida lokacin shiga don biyan ɓarna.

Takardar haya ita ce abin fara dubawa. A karanta ta duka, har ƙananan rubutun. Galibi akwai layin da ya ce mai haya zai kula da lambu ya mayar da shi yadda ya same shi, kuma ba zai sare bishiya ko sauya fasali ba sai da izini. Izinin nan a rubuce ake nemansa, ta imel. "Ai ejan ya ce ba komai" ba hujja ba ce, domin ejan ɗin kan canza aiki kafin ka tashi. Ranar da ka shiga, ɗauki hoton lambun ta kowace kusurwa, ka tabbata an sa yanayinsa a takardar ƙidayar kayan gida. A Ingila, tun dokar 2019, kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gidan ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Idan an yi jayayya, masu asusun ne ke raba gardama kyauta, kuma hoto da imel suke dubawa.

Ko da izinin ma a faɗi komai dalla-dalla. Ni ina da izini a rubuce na bar wani gefe na ciyawa ya tsawo, amma mai gidan bai gaya wa mai yanka masa ciyawa ba. Na dawo aiki na tarar an aske wurin tas, furannin da suka fara buɗewa suna kwance a cikin buhu a bakin ƙofa. Har yau abin yana min ciwo. Saboda haka nake ce wa duk mai haya ya fara da manyan tukwane: abinka ne, ranar tashi ka loda a mota.

To me za a shuka? Kuɓewa da yakuwa suna wahala a waje in ba a ɗakin gilashi ba, zogale kuwa sanyin hunturu ke kashe shi. Kuma kada a cusa tsiro a akwati daga gida, ana neman takardar shaidar lafiyar tsiro a bakin shiga. Shawarata ita ce a ware gefe guda ga furannin asalin ƙasar nan, irin waɗanda ke mutuwa a sama lokacin sanyi su sake tohowa daga saiwa kowace shekara. Ƙwarin wurin sun san su tun fil azal. An kiyasta cewa kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji na Birtaniya sun salwanta tun shekarun 1930, shi ya sa ɗan bayan gidanka yake da amfani. Mu kuma mun san hadisin da ya ce abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Sunayen da za ka gani a jikin tukunya na Turanci ne, sai ka riƙe su. Inda rana ke bugawa, nemi knapweed, da oxeye daisy, da field scabious, da yarrow. Knapweed ne gwanina: kansa shunayya ne mai tsefe-tsefe, ka tsaya kusa da shi a Agusta za ka ga ƙaton ƙudan zuma mai gashi ya nutsa kai ciki har karan ya lanƙwasa, malam-buɗe-littafi na jiran layi. Inda inuwa take, gindin katanga ko shinge, red campion da primrose ne ke jurewa, kuma primrose na fure tun Maris lokacin da ƙwari ba su da abinci. Mai ƙananan yara ya guji foxglove, guba ce. Satumba zuwa Oktoba ya fi dacewa da dashe, ko Afrilu.

Abu biyu ne ke ba mutanenmu wuya. Na farko taki: furannin nan ƙasa marar ƙarfi suke so, in ka zuba taki ciyawa ce za ta danne su. Na biyu shara. An rene mu a kan tsakar gida fes, ga tsoron maciji. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, kuma da wuya ka gan shi a lambun cikin gari. Bar busassun kara da tarin ganye a kusurwa har Maris, a nan bushiya da ƙwari ke fakewa. Ƙwayar kashe dodon koɗi mai sinadarin metaldehyde an haramta ta tun 2022, kada wani ya ba ka tsohuwar roba ka watsa.

Kada kuma ka ga fure a daji ko wurin shaƙatawa ka tumɓuke ka kawo gida. Dokar 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, kuma ita ce ta hana lalata sheƙar tsuntsu mai amfani da ita, don haka a bar askin shinge daga Maris zuwa Agusta. Ƙananan dashe ana sayar da su da araha a gidajen rainon tsirrai, kuma maƙwabciyarka tsohuwa mai lambu, in ka gaishe ta da kyau ka tambaya, sau da yawa za ta raba saiwa ta miƙo maka ta kan katanga.