Yadda za ka kama gidan haya a Maradi ta hannun dillali

Da farko faɗa mini, ni dillali, gaskiyar aljihunka: jaka nawa za ka iya biya kowane wata, kuma mutum nawa ne iyalinka. Wasu kan ɓoye, mu wuni bisa kabu-kabu muna zagaye a banza.

Sai ka zaɓi unguwa. Ɗan kasuwa ya fi son Sabon Gari don kusa da kasuwa, mai son fili kuwa Zariya ko Ali Ɗan Sofo.

Ranar duba gida kada ka yi sauri. Dubi ƙasan bango: in ka ga zanen laima ya kai gwiwa, ruwa na kwana nan da damina, musamman gangaren Gulbi. Ambaliyar 1945 ce fa ta sa garin ya hau tudu. Buɗe famfo, leƙa masai, ka tambaya ko mitar wutar lantarki ta NIGELEC taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, don nan rigimar 'yan haya ke farawa.

Gaida maƙwabta, ka ce: "Baba, ya unguwar take da dare?"

Daga nan a zauna da maigida gaban shaidu biyu, a rubuta kuɗin wata, kuɗin ajiya da la'adar dillali. Kada ka miƙa ko dala sai an ba ka takarda da makulli.