Kurakuran da aka fi yi da "tape up" da 'yan'uwansa

Na daɗe ina gyara rubutun masu koyon Turanci, kuma har yau kalmar "tape" tana kayar da su da zarar an jingina mata wata ƙaramar kalma a baya. Ita ce abin da muke kira salatif, sunan da muka aro daga Sellotape, wanda aka fara yi a Ingila a 1937, amma Bature yana mayar da ita aikatau.

Babban kuskure shi ne zaton cewa ƙananan kalmomin nan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. "Tape up" na nufin a naɗe kwali da salatif har ya rufe ruf, ko a ɗaure wa ɗan ƙwallo idon sawun da ya gurɗe. "Tape down" shi ne a manne abu da ƙasa, kamar wayar lasifika a ɗakin taro, don kada wani ya yi tuntuɓe da ita. "Tape off" kuwa killace wuri ne, yadda 'yan sanda ke yi bayan hatsari.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "tape over", domin ma'ana biyu gare shi: rufe abu da salatif, da kuma naɗar sabon abu a kan tsohon kaset. Ina ɗalibi, murfin kaset ɗin bidiyon bikin yayana ya tsage, sai na miƙa wa abokin zamana, wanda ba ya jin Hausa, na ce masa "tape over it", ni a nufina ya liƙe tsagar. Da na dawo da yamma na tarar wasan ƙwallo ya maye gurbin ɗaurin aure da walima baki ɗaya, kuma kwafin ke nan guda. Laifina ne, ba nasa ba. Tun daga ranar ba na faɗin wannan furuci sai na ambaci abin da za a rufe, misali "tape over the crack", kuma ɗalibin da ya bar mini shi tsirara a takarda jan biro yake sha.

Ban da "tape over it" ɗin nan, wakilin suna, wato irin su "it", a tsakiya yake zama: "tape it up" ake cewa, ba "tape up it" ba.

Sai rubutu. Wanda ya liƙe kwali jiya "taped" zai rubuta, da "p" ɗaya. Idan ya ninka ta ya zama "tapped", wato ƙwanƙwasa kwalin ya yi, ya bar shi a buɗe.