Kurakuran da baƙi suka fi yi idan za su ziyarci ƙauyen masunta a gandun gaɓar teku

Kuskuren farko, wanda sauran ke biyo bayansa, shi ne mutum ya tsara tafiyarsa da agogo ya manta da ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu, ya janye sau biyu a yini. Tsakanin cika da cika akwai kamar awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana ƙara minti 50. Idan yau kwale-kwale ya shiga mashigin ƙauyen da ƙarfe 9 na safe, bayan kwana uku sai wajen 11 da rabi. Wanda bai lissafa wannan ba, shi ne za ka tarar zaune cikin jirgi a tsakiyar taɓo, rana na dukansa, yana jiran ruwa ya dawo. Gyaran mai sauƙi ne: a saukar da jadawalin cikar ruwa na wurin a waya tun ana da sabis, sannan a tambayi mai jirgin, domin shi ya san inda yashi ya taru bana.

Kuma ruwa ba ya hawa daidai wa daida. Cikin awa shida da yake ɗauka kafin ya cika, kusan rabinsa a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Nan ne masu yawo a kan fako ke shan mamaki: awa guda ruwa bai kai idon sawu ba, kafin su ankara ya datse hanyar komawa ta bayansu. A kwanakin tsayuwar wata da cikarsa abin ya fi tsanani, ruwa ya fi hawa, ya fi janyewa. Gara a juyo da zarar ruwa ya fara dawowa.

Sai batun izini. Ƙauyen na mutanensa ne, amma ƙasar da ruwan suna ƙarƙashin dokar gandu. Wasu wuraren ana yankar takardar shiga a ofishin da ke nesa da gaɓa, ba a bakin jirgi ba. A tambaya tun da wuri ko an yarda da kwana, kafa tanti, kamun kifi ko tashin jirgi mara matuƙi mai ɗaukar hoto. Ganin masunta na jefa raga ba ya nufin baƙo ma zai jefa ƙugiya. Sau da yawa dokar ta ware mazauna ne kawai.

Kuɗi a riƙe tsaba, ƙananan takardu, cikin leda mai zif. A shirya kuɗin jirgi na zuwa da dawowa kafin a tashi, har da wanda zai sayi mai. Rigar kariya daga nutsewa a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin benci ba. Tafiyar safe ta fi, don iska kan taso da rana.

Ruwan sha kuwa, kada a ɗauka akwai. Rijiyar bakin teku kan yi zartsi, kuma abin da mutanen gari suka tara na sama da ƙyar yake isarsu. A lissafa lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a yini. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi minti ɗaya cur. Idan gudawa ta kama, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mutane na tsoron kifin shak, alhali abin da ya fi raunata baƙo yana kwance ne a cikin yashi. Kunamar ruwa, wani kifi mai faɗi, takan binne kanta a ruwa marar zurfi, wanda ya taka ta sai ta kafta masa ƙayar wutsiya. A sa takalmin roba, a riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa, za ta ji motsi ta gudu. In ta harbi mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a nufi asibiti. Idan kuma igiyar ruwa ta ja mai iyo zuwa ciki, kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo a gicciye, gefe da gaɓa, har ya fita daga bakinta.

Da dare, in ana lokacin ƙwan kunkurun teku, farar tocila da filashin kamara na sa uwa ta koma ruwa ba ta yi ƙwai ba, su kuma 'ya'yan su bi haske su bar teku. Jar tocila ce ake amfani da ita, a tsaya daga baya. Awarwaro ko abin wuya na ƙoƙon kunkuru kada a saya komai kyansa: yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ana iya ƙwace shi a filin jirgi, har a ci mutum tara.

Hoton mutum a nemi yardarsa tukuna, ballantana mata da yara. Shara kuma, tunda ba motar da ke zuwa kwashewa, kowace roba da batir da aka shigo da su a koma da su cikin jaka.